Wuta da Tsawa: Tarihin Tangaran Mai Tsare Lantarki



Kowane maginin tukwane ya san yumɓu ɗaya yakan ba da tukunya iri biyu, gwargwadon wutar da ya sha. Abin da zan nuna a yau shi ne yadda wannan tsohon sani ya zama ginshiƙin tsaron wutar lantarki.

Tun daga wajejen 1930, abin da ake kare taransifoma da shi daga aradu shi ne dutsen silikon kabaid. Amma shi yana yoyon wuta kullum, don haka sai an bar masa giɓi tsakaninsa da waya. A 1968 Michio Matsuoka da abokan aikinsa na kamfanin Matsushita a Japan suka samo wata hanya. Suka ɗauki farin garin tutiya, watau oksayid ɗinta, suka ƙara masa ɗan bismut da kobal da manganis, suka matse, suka gasa. Tangaran ɗin da ya fito yana hana wuta wucewa muddin ƙarfinta bai zarce ƙa'ida ba. In ya zarce, sai ya buɗe mata hanya ta bi ƙasa, sa'an nan ya sake rufewa.

To, ina asirin yake? Yana cikin tanderu. Oksayid ɗin bismut yakan narke a wajen digiri 820, ya malale tsakanin ƙwayoyin tutiya, su kuwa su yi ta girma. Kowace iyaka da ke tsakanin ƙwaya biyu takan tare kimanin bolt 3. Ku lissafa da kanku: in akwai iyaka 100 a kaurin milimita ɗaya, an sami bolt 300. In aka ƙara wuta ƙwayoyin suka ninka girma, iyakokin sun koma 50, ƙarfin ya faɗo zuwa bolt 150, alhali gari ɗaya aka zuba.

Har ila yau wutar tana da haddi. In ta gaza, sai tangaran ya fito da kafofi, ya kasa jure aiki. In ta yi yawa, bismut ya tashi ya bi iska, iyakokin su raunana. Saboda haka akasari ake gashin tsakanin digiri 1100 da 1300.

A 1975 kamfanin Meidensha ya kafa irin wannan makari marar giɓi a tashar lantarki ta Hayato, a tsibirin Kyushu. Daga nan ya bazu ko'ina cikin duniya, ya ture na dā.

Saboda haka, ya ku ma'aikata masu odar kayan lantarki, sanin abin da aka haɗa bai wadatar ba. Makari biyu na iya zama kama ɗaya a ido, amma sai daren da aka yi tsawa za a san wanda ya gasu daidai. Ku nemi shaidar gwaji tun damina ba ta faɗi ba.