Arthur Ashe: Wanda Aka Hana Biza

Na san tanis ba wasanmu ba ne, mu dambe da kokawa muka gada. Amma duk wanda aka taɓa tsare shi a bakin iyaka saboda takarda zai fahimci labarin Arthur Ashe.

An haife shi a 1943 a Richmond ta Amurka, zamanin da ake hana baƙar fata taka filin wasan Turawa. Duk da haka ya ci gasar US Open a 1968, ya ci Wimbledon ta Ingila a 1975, kuma har yau ba a sake samun namiji baƙar fata da ya ɗauki kofin Wimbledon na 'yan ɗai-ɗai ba. Da duk wannan suna, gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta yi ta hana shi biza. Bai daina nema ba, sai 1973 suka sakar masa.

Dattawanmu za su tuna 13 ga Fabrairun 1976, ranar da aka kashe Janar Murtala. To, Ashe yana Legas a lokacin, ya zo gasa. Bayan kwana uku, yana tsakiyar wasa da Jeff Borowiak, sai ga sojoji cikin fili, suka ɗora masa bakin bindiga a baya. Haka zakaran duniya ya fita hannuwa sama.

Amma a ganina, babban abin da ya bari yana Kamaru. A 1971 ya je Yawunde, ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana buga ƙwallo da kyau. Bai tsaya ga yabo ba kamar yadda manya suka saba. Ya yi wa Philippe Chatrier na hukumar tanis ta Faransa magana, aka kai yaron birnin Nice horo. Yaron nan shi ne Yannick Noah, wanda ya ci gasar Roland Garros a 1983. Ashe ya ga wannan rana da ransa, shekara goma kafin mutuwarsa a 1993. Tun daga kan Noah kuwa, babu namijin da ya sake ciyo wa Faransa kofin nan.