Garmaho

garmaho (suna, namiji, aro daga Ingilishi). Na'urar sauraren waƙa ko magana da aka naɗa a faifai. Emile Berliner, Bajamushe mazaunin Amurka, shi ya ƙirƙiro shi a 1887, shekara 10 bayan na'urar Thomas Edison mai naɗar murya a jikin silinda.

Garmahon farko ba ruwansa da lantarki ko batir. Wana shi ake yi da hannu, faifai ya kama juyawa, allura ta bi siririn layin da aka tsaga a jikinsa. Karkarwar allurar ce ke zama sauti, babban ƙaho mai faɗin baki ya ƙara mata ƙarfi. Ƙahon nan shi ke fara ɗaukar ido a tsofaffin hotuna, inda za ka ga iyali sun ci ado sun kewaye akwatin, kowa ya kasa kunne kamar ana karanta wasiƙar ɗan da ke nesa. A tambarin kamfanin faifai na His Master's Voice kuwa, kare ne ya tsura wa ƙahon ido.

Faifan kan juya sau 78 a minti ɗaya, kowane gefe bai cika wuce minti uku ba, ga saurin fashewa. Allurar ƙarfen ma dakushewa take yi nan da nan, sai a sauya.

Misali: *Baba, a ƙara wana garmahon, muryar ta fara ja.*

Duba kuma faifai, rediyo.