Gidauniyar Franz Weber da Gandun Dajin Fazao-Malfakassa a Arewacin Togo, 1990-2015

Gabatarwa

Wanda ya san tarihin fataucin goro ya san ƙasar Kotokoli, domin ta cikinta ayarin Hausawa ke ratsawa daga Borgu da Jugu zuwa Gwanja. Sokode, babban garin wannan ƙasa, yana kimanin kilomita 340 arewa da Lome, kuma unguwarsa ta Didaure ta samo asali ne daga zaman 'yan kasuwa Musulmi na wancan zamani. Yamma da garin akwai jerin duwatsu da dazuzzuka waɗanda a yau ake kira gandun dajin Fazao-Malfakassa. Abin da za a duba a wannan takarda shi ne yadda wata gidauniya mai zaman kanta daga ƙasar Suwizalan ta riƙe wannan gandu na ƙasa har shekara 25, da abin da riƙon ya iya da wanda ya gagare shi. Za a kuma waiwayi yankin Dapaong, can kusa da iyakar Burkina Faso, inda ba a sami irin wannan mataimaki ba.

Asalin Gandun

Turawan Faransa ne suka fara keɓe dazuzzukan Fazao da Malfakassa a 1951. A 1975, lokacin mulkin Janar Gnassingbe Eyadema, aka haɗe su suka zama gandu guda mai faɗin murabba'in kilomita 1,920, wanda babu kamarsa a girma a duk Togo. A cikinsa akwai giwaye da ɓakane da gwankaye da kanki da gada da birai iri-iri, ga tsuntsaye barjat.

Sai dai yadda gwamnatin Eyadema ta tsare gandayenta ya bar tabo a zukatan talakawa. A shekarun 1970 da 1980 an faɗaɗa gandun Keran da na kwarin kogin Oti a arewa, aka tashi ƙauyuka daga gonakin kakanninsu ba tare da wata diyya ta kirki ba. Manomin da ya kashe dabbar da ta shiga masa gona yana iya ƙarewa a gidan yari. Ta haka mutane da yawa suka ɗauki gandun daji a matsayin kayan shugaba, suka ɗauki giwa a matsayin wadda gwamnati ta fifita a kansu.

Zuwan Gidauniyar

Franz Weber (1927-2019) ɗan jarida ne da ya koma fafutukar kare muhalli. Ya kafa gidauniyarsa a 1975, ya yi suna wajen ceto gonakin inabi na Lavaux a ƙasarsu daga masu gine-gine, da kuma kare kufan Delfi na ƙasar Girka daga masana'antu. A 1989 aka yi babban taron ƙasashen duniya a Lozan, ba nisa da Montreux inda yake zaune, aka haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe. Shekara guda bayan haka, wato a 1990, gwamnatin Togo ta ƙulla yarjejeniya da gidauniyar, ta miƙa mata ragamar Fazao-Malfakassa na tsawon shekara 25.

Ko tawadar yarjejeniyar ba ta gama bushewa ba ƙasar ta rikice. Ranar 5 ga Oktoba 1990 tarzoma ta ɓarke a Lome, a 1991 aka yi babban taron ƙasa, ikon gwamnati ya yi rauni a karkara. Mutanen da aka kora daga Keran da Oti suka koma ƙasarsu da gatari da bindiga. Abin da ya biyo baya ya wuce farautar neman nama, ramuwar gayya ce, kuma cikin ɗan lokaci aka kusa ƙarar da manyan dabbobin waɗannan wurare. A 1993 Tarayyar Turai ta dakatar da tallafinta ga Togo, ba ta maido shi sosai ba sai 2007. A duk tsawon wannan lokaci baitulmalin gwamnati ba shi da rarar da za a kashe wa giwa.

A nan ne amfanin gidauniyar ya fito fili. Kuɗinta daga masu ba da gudummawa a Turai yake zuwa, don haka bai tsaya ba lokacin da na gwamnatoci ya tsaya. Ta ɗauki masu gadin daji, ta biya su albashi, ta ba su kayan sintiri, ta riƙa gyara hanyoyin cikin gandun waɗanda damina ke cinyewa kowace shekara. Aikin ba mai ƙayatarwa ba ne. Amma mai gadin da ake biya ƙarshen wata yana kwana a daji, wanda ba a biya kuwa yakan koma gona, ko ma ya bi sahun mafarauta. Fazao ma ya yi asarar giwaye masu yawa, kuma masu sarar itace da masu ƙona gawayi ba su taɓa ɗauke masa ƙafa ba, amma bai mutu ba. A 2002 Togo ta sa shi cikin jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gadon duniya.

Game da baƙi, a wancan lokaci gidauniyar tana da ofishi a Sokode inda mai son shiga gandun kan fara zuwa, a haɗa shi da ɗan rakiya. A lokacin akwai kuma otal a ƙauyen Fazao. Da rani ake shiga, lokacin da ciyawa ta kwanta, hanya ta bushe. Gaskiyar magana, masu yawon buɗe ido ba su taɓa yin yawan da kuɗin shigarsu zai ɗauki nauyin gandun ba. Daji ne mai duwatsu da duhuwa, mutum na iya yini bai ga giwa ba, alhali wanda ya je Penjari a ƙasar Benin a waɗannan shekaru yakan gan su kusan a sauƙaƙe.

Abin da gidauniyar ta kasa warwarewa shi ne batun ƙasa. Da gwamnati ta yi yarjejeniya, ba da sarakunan ƙauyukan da ke kewaye da gandun ba, kuma su ne ke fama da ƙarancin gona da ɓarnar dabbobi. Jama'a na ƙaruwa, iyakar gandu ba ta motsi. Rigima kan inda gona ta ƙare da inda gandu ya fara ba ta kwanta ba har wa'adin ya cika a 2015, gandun ya koma hannun ma'aikatar muhalli ta Togo.

Yankin Dapaong

Daga Sokode idan aka miƙe arewa a kan babban titin da ya tashi daga Lome, aka wuce Kara da Mango, kafin a shiga Dapaong za a ratsa wani ƙaramin gandu da Faransawa suka keɓe a 1954, suka sa masa suna Fosse aux Lions, wato Ramin Zakuna. Faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 17 ba, amma har shekarun 1980 matafiya kan ga giwaye daga bakin titi. Guguwar 1991 ta same shi ba mai tsaya masa. Gonaki da dabbobin kiwo suka cinye mafi yawansa, giwayen suka watse.

Abin da ya rage wa baƙon da ya je yankin shi ne kogwannin Nok da Mamprug, a jikin wani dogon dutse kudu maso yamma da Dapaong. Nan mutanen Moba ke ɓuya a ƙarni na 18 da na 19 idan mayaƙan Cokosi suka taso daga Sansanne Mango neman haraji da bayi. (Ɗalibin Hausa zai gane kalmar sansani a cikin sunan garin.) A cikin kogwannin suka gina rumbunan laka sama da ɗari a Nok kaɗai, suka tara hatsi, ga ruwa na tsattsafowa daga dutsen, ta yadda za su iya daɗewa ba su sauko ba. Togo ta sa wurin a jerin fatanta na UNESCO tun shekarar 2000. Ana sauka cikinsa ta wani tsanin ƙarfe da aka kafa a jikin dutsen, kuma mutanen ƙauyen da ke samansa ne ke yi wa baƙi jagora. A 2022, bayan hare-haren 'yan bindiga daga ɓangaren Burkina Faso, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a duk yankin Savanes, masu zuwa kallon rumbunan suka ragu ƙwarai.