OpenEXR da lambobi masu ɗigo mai motsi a hotunan HDR

Hoton JPEG na yau da kullum yana ajiye kowane launi a matakai 256, daga 0 zuwa 255. Idan aka ɗauki hoton ɗaki mai duhu da taga wadda rana ke haskawa, duk hasken da ya zarce mataki na ƙarshe sai ya koma fari fat, kuma babu gyaran da zai dawo da shi. Wannan matsala ce hotunan HDR suke magancewa ta hanyar rubuta haske da lambobi masu ɗigo mai motsi, waɗanda Faransanci ke kira virgule flottante. Lamba irin wannan tana iya nuna haske ɗan mitsitsi ko mai tsananin ƙarfi.

Kamfanin Industrial Light & Magic na Amurka, mai haɗa dabarun fina-finai, shi ya ƙirƙiro OpenEXR a 1999, ya sake shi kyauta a 2003. Tsarin yana karɓar lambobi masu bit 32, amma an fi amfani da masu bit 16: bit 1 na alamar ƙari ko ragi, 5 na girman lamba, 10 na daidaito. Mafi girman adadin da suke ɗauka shi ne 65,504. Ƙa'idar IEEE 754 ta amince da wannan tsari a 2008.

Kafin shi akwai Radiance HDR na Greg Ward, wanda ke tattara ja, kore da shuɗi a bit 32 kacal, launukan uku suna tarayya a ma'aunin girma guda. Yana da tsimi, sai dai ba ya ajiye adadin da ke ƙasa da sifiri, kuma launi mai rauni kusa da mai ƙarfi yakan rasa daidaito.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen buɗe fayil. TIFF yana iya ɗaukar irin waɗannan lambobi, amma ba kowace manhaja ke karanta su ba. Wata ta ƙi buɗewa, wata ta matse hoton zuwa bit 8 ba tare da gargaɗi ba, wanda shi ya fi muni. PNG kuwa cikakkun lambobi kawai yake ajiyewa. JPEG XL yana iyawa, amma a 2023 Google ya cire shi daga Chrome, a shekarar da Apple ya shigar da shi cikin Safari.