Funeral for Justice: yadda Mdou Moctar ya haɗa kundin waƙoƙinsa mafi zafi

Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, kundin waƙoƙi ne na makaɗin jitar Nijar Mdou Moctar da ƙungiyarsa. Kamfanin Matador Records na birnin New York ne ya fitar da shi ranar 3 ga Mayu, 2024. Yana ɗauke da waƙoƙi 9 da suka ci kusan minti 40, kuma da harshen Tamashek aka rera su. A cikin faya-fayan da makaɗan Nijar suka kai kasuwar duniya, yana daga cikin waɗanda suka fi kusa da kiɗan da Turawa ke kira metal, saboda ƙarar jita da saurin ganguna. An ɗauke shi kafin juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, amma bai fito ba sai bayansa, abin da ya sa jama'a da dama suka saurare shi da kunnen siyasa.

Mene ne kiɗan metal?

Metal reshe ne na kiɗan rock. Ana danganta asalinsa da birnin Birmingham na Ingila, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970. Alamarsa ita ce ƙure ƙarfin jitar lantarki har sautinta ya yi kaushi, kamar rediyon da aka murɗa fiye da kima, sai dai a nan da gangan ake yi. A shekarun 1980 aka sami rassa mafi tsanani, waɗanda a jimlace ake kira extreme metal: akwai thrash, akwai death metal da ya bunƙasa a jihar Florida ta Amurka, akwai kuma black metal da ya yi suna a Norway a farkon shekarun 1990. A waɗannan rassa mai ganguna kan buga babbar ganga da ƙafafu biyu, mawaƙi kuma gurnani ko ihu yake yi maimakon rerawa.

Afirka ma tana da masu wannan kiɗa. A Botswana ƙungiyar Wrust ta fitar da Soulless Machine a 2007. A Lome ta ƙasar Togo, Arka'n Asrafokor sun fitar da Zã Keli a 2019, inda suka haɗa metal da gangunan Ewe. A 2020 kuma kamfanin Nyege Nyege Tapes na Kampala ya fitar da faifan Duma, wasu makaɗa biyu ƴan Kenya.

Kiɗan Mdou Moctar bai shiga sahun waɗannan kai-tsaye ba. Da murya yake rerawa, ana amshi, kuma karin waƙar na Abzinawa ne. Kusancin yana wurin kaushin jita, da gudun kiɗa, da fushin da ke cikin saƙon.

Daga wayar birkin keke zuwa situdiyon Sakkwato

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. An haife shi a tsakiyar shekarun 1980 a jihar Tawa, yankin Abalak da Cintabaradan. Ya taso a gidan da ba a ɗauki kiɗa sana'ar kirki ba, don haka jitarsa ta farko da kansa ya ƙera ta, da katako da wayoyin birkin keke. Kallon wasan marigayi Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan jitar Abzinawa a Nijar, shi ya sa masa sha'awar sana'ar. Bahago ne, da hannun hagu yake kaɗawa.

Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. A can ya yi amfani da kayan aikin da mawaƙan fina-finan Hausa ke amfani da su: gangunan kwamfuta da manhajar nan mai lanƙwasa murya. Wanda ya saba jin waƙoƙin Kano a shagunan cajin waya na Matameye ko Kance zai gane wannan sauti nan take. Faifan bai shiga kasuwa a lokacin ba. Waƙoƙin sun yaɗu ne daga salula zuwa salula ta Bluetooth da katin ajiya, har suka kai Mali.

A can ne wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya ci karo da waƙar Tahoultine, ya saka ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones na kamfaninsa Sahel Sounds. Daga baya ya nemo mawaƙin. Tare suka yi fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai a Agadas, wanda ya fito a 2015, kuma an gina shi ne a kan Purple Rain na mawaƙi Prince. Ilana, faifansa na farko da cikakkiyar ƙungiya a situdiyo, an ɗauke shi a Detroit, ya fito a 2019. Afrique Victime, na farko a hannun Matador, ya biyo baya a 2021.

Kwana biyar a gidan da babu kaya

Mutum huɗu ne a ƙungiyar da ta ɗauki Funeral for Justice. Mdou Moctar ne ke jan waƙa da babbar jita. Ahmoudou Madassane na riƙe da jita ta biyu, wadda ke ɗaure kiɗan. Souleymane Ibrahim ne mai ganguna. Na huɗu shi ne Mikey Coltun, Ba'amurke mai jitar bas, wanda ya taso cikin makaɗan punk na birnin Washington, kuma shi ne ya jagoranci haɗa faifan.

Ba su shiga babban situdiyo ba. Wani gida suka samu a arewacin jihar New York, kusan babu kayan ɗaki a cikinsa, suka kafa na'urorinsu suka yi kwana biyar suna ɗauka. A lokacin sun shafe kusan shekara biyu suna yawon wasa bayan fitowar Afrique Victime, hannunsu ya riga ya faɗa, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai juya. Shi ya sa faifan ya fi na baya kama da abin da ake ji a dandalin wasansu.

Tushen wannan zafi kuwa a gida yake. Makaɗan jita na Agadas a wuraren biki suke gogewa, a fili, da janareto da amsa-kuwwar da ake ƙurewa domin na nesa ya ji. Ƙungiyoyi da yawa ne ke neman biki ɗaya, don haka wanda ya fi sauri da ƙara shi ke jan matasa. Mdou Moctar ya kuma bayyana cewa ya kalli bidiyon Eddie Van Halen, gwanin jitar Amurka, ya ɗauki dabarar ƙwanƙwasa igiyoyi da yatsu a wuyan jita, ya sarrafa ta daidai da nasa salon.

Abin da waƙoƙin ke cewa

Waƙar farko, wadda faifan ya ci sunanta, da shugabannin Afirka take magana, tana neman su riƙe ƙasashensu da arzikin da ke cikinsu. Imouhar kira ne ga Abzinawa da su kula da harshen Tamashek kada ya ɓace a bakin ƴaƴansu. Tana farawa a hankali kafin jitar lantarki ta ɓarke. Sousoume Tamacheq na magana a kan halin da Abzinawa ke ciki a ƙasashen da iyakoki suka rarraba su. Takoba ta ɗauki sunanta daga takobin Abzinawa, kalmar da Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa. Modern Slaves, wato bayin zamani, ita ce ta rufe faifan.

Wadda ta fi jan hankali ita ce Oh France, mai sukar rawar da Faransa ta taka a ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka. Batun ba baƙo ba ne a Nijar. A 1971 aka fara haƙar yuraniyom a Arlit, ƙarƙashin kamfanonin da daga baya suka koma hannun Areva, wanda ya zama Orano, alhali yawancin ƙauyukan ƙasar ba su da wutar lantarki. Mawaƙin ya sha ambaton wannan a hirarrakinsa.

Juyin mulki da fitowar faifan

Ranar 26 ga Yuli, 2023, lokacin da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, ƙungiyar na Amurka tana yawon wasa. CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi ranar 30 ga wata, aka rufe iyakoki, sannan a watan Agusta aka rufe sararin samaniyar Nijar. Rufewar da ta tsayar da fatauci a iyakar Ɗan Barto, a kan hanyar Matameye zuwa Daura, ita ce ta hana makaɗan uku ƴan Nijar komawa gida a kan lokaci. Sai da masoyansu suka tara musu gudummawa ta intanet domin masauki da abinci.

Cikin wannan zaman jira suka shiga situdiyon Bunker a Brooklyn, suka sake ɗaukar waƙoƙin da jitar katako da kayan kiɗan gargajiya. Injiniyan da ya ɗauki wannan aiki, Seth Manchester, sananne ne wurin haɗa faya-fayan ƙungiyoyin metal masu tsanani irin su The Body da Full of Hell. Wannan faifai na biyu, Tears of Injustice, wato hawayen zalunci, ya fito ranar 28 ga Fabrairu, 2025.

Shi kuwa Funeral for Justice, an sanar da shi ne a ƙarshen Fabrairu 2024, wata biyu bayan ficewar sojojin Faransa na ƙarshe daga Nijar a Disamba 2023. A watan Afrilu ƙungiyar ta yi wasa a bikin Coachella na jihar Kaliforniya, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan kiɗa na Amurka, sannan faifan ya fito a Mayu, a garmaho da CD da kuma manhajojin sauraro. A bayanin da ya raka fitowarsa, Mdou Moctar ya ce ba ya goyon bayan juyin mulki, amma kuma bai taɓa son zaman Faransa a ƙasarsa ba.

Matsayinsa a kiɗan Nijar

Jaridun kiɗa na Amurka da Turai sun yaba wa faifan, da dama sun sa shi cikin fitattun na shekarar 2024. Ya zo ne a kan turbar da wasu ƴan Nijar suka share, irin su Bombino na Agadas, da Tal National ta Yamai mai rera waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, da Les Filles de Illighadad. Mai son bin sawun yadda sautin Mdou Moctar ya sauya zai iya farawa da Anar na Sakkwato, ya saurari Funeral for Justice, sannan ya ƙare da Tears of Injustice, inda waƙoƙin suka fito ba tare da ƙarar lantarki ba.