Josiah Ransome-Kuti: Mawaƙin da Ya Zama Fasto

An haifi Josiah Jesse Ransome-Kuti a ƙasar Abeokuta a 1855. Ya fara da koyarwa a makarantar mishan, aka san shi da waƙa kafin Ikkilisiyar Angilika ta naɗa shi fasto a 1897. A lokacin, yawancin waƙoƙin sujada fassara ce daga Turanci. Shi kuwa ya riƙa tsara nasa da Yarbanci, da karin da jama'arsa suka saba ji. A 1922 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryarsa a faya-fayan garmaho a Landan, bishara ta shiga gidajen da ƙafarsa ba ta taka ba. Ya rasu a 1930. Mu da ke hidima a Tsaskiya, da wane kari muke yabon Ubangiji?