Daga Bakin Dorugu Zuwa Muryar Jama'ar Jamus: Tarihin Mai Magana da Mai Rubutu

Duk wanda ya tashi a Safo, ko wani gari na kwarin Gulbin Maraɗi, a shekarun 1970 da 1980, ba zai manta da zaman bayan magariba ba. Dattawa na bisa tabarma a ƙofar gida, akwatin rediyo mai batir yana tsakiya, maigida yana murɗa shi a hankali a kan gajeren zango har sai murya ta fito daga birnin Kolon tana sallama da Hausa. Mutane sun san masu waɗannan muryoyi da sunayensu, suna yi musu kallon ƴan gida, alhali kuwa ba su taɓa ganin fuskokinsu ba. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda aka yi Hausa ta sami mazauni a bakin Jamus, da kuma abin da ke neman kuɓuce mana daga wannan gado.

Mafarin zumunci

Alaƙar ta girmi rediyo da fiye da shekaru 100. A watan Janairu na 1851 Jamusawa biyu, Heinrich Barth wanda aka fi sani da Abdulkarim, da abokinsa Adolf Overweg, suka iso ƙasar Tasawa. Nan suka rabu. Barth ya bi ta Gazawa zuwa Katsina da Kano, shi kuwa Overweg ya yi yamma, ya ziyarci Maraɗi da Gobir, a lokacin da Katsinawa da Gobirawan da jihadi ya kora suke ci gaba da fafatawa da daular Sakkwato. Daga baya, a Barno, Overweg ya ƴanta wasu yara biyu daga bauta, Abbega da Dorugu. Da ya rasu a gaɓar tafkin Cadi a 1852, sai yaran suka koma hannun Barth, suka raka shi har Tambutu, sa'annan ya tafi da su Turai a 1855.

Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram. A Ingila ya zauna wurin J. F. Schön, wani ɗan mishan haifaffen Jamus, ya riƙa ba shi labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da tatsuniyoyi, Schön yana rubutawa. Wannan zama ya taimaka ƙwarai wajen samar da littafin nahawu na 1862, da ƙamus na 1876, da kuma Magana Hausa na 1885. A ciki Dorugu ya kwatanta abin da ya gani a Turai da idon Bahaushe, wato irin aikin da ma'aikatan rediyo za su zo su yi bayan ƙarni guda. Sai dai mai karatu ya lura da abu ɗaya: magana ta Dorugu ce, amma sunan da ke bangon littafi na Schön ne. Dorugu ya rasu a Kano a 1912, kuma sai a 1971 ne A. H. M. Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarinsa cikin Ingilishi tare da ba shi matsayin da ya cancanta.

Zuwan rediyo

Gidan rediyon Deutsche Welle ya fara watsa shirye-shirye ran 3 ga Mayu 1953, da Jamusanci kaɗai. Sashen Hausa ya zo a 1963, shekaru 6 bayan na BBC wanda aka buɗe a 1957, kuma shekaru 3 bayan Nijar da Nijeriya sun sami mulkin kai. Zamani ne na yaƙin cacar baka, Jamus a rabe gida biyu, kowace babbar ƙasa tana neman kunnen Afirka. Masko da Bejin su ma sun yi magana da Hausa, Muryar Amurka ta bi sahu a 1979, Faransa kuwa ba ta buɗe nata sashen ba sai a 2007. Saboda haka ba don Allah kaɗai aka yi mana wannan hidima ba. Kuɗin gwamnatin Jamus ne ke ɗaukar nauyin gidan, kuma masu sauraro sun san haka, shi ya sa suka saba da jin labari a tasha biyu ko uku kafin su yanke hukunci.

A 1965 aka kafa tashar ƙara ƙarfin murya a Kigali ta ƙasar Ruwanda, abin da ya kusanto da muryar ga ƙauyukan Afirka. Ga mutumin Safo, wanda harshen gwamnatinsa Faransanci ne da bai iya ba, wannan babban al'amari ne. Ta irin waɗannan tashoshi ya bi labarin juyin mulkin Seyni Kountché na 1974, da faɗuwar katangar Berlin a 1989, da babban taron ƙasa na Yamai a 1991, duk cikin harshen da ya sha a nono. A 2003 gidan ya tashi daga Kolon ya koma Bon. A 2008 aka fara wasannin kwaikwayo na Ji Ka Ƙaru domin matasa, sa'annan a 2015 aka rufe tashar Kigali, domin gidajen FM na gida da wayar salula sun fara karɓe matsayin gajeren zango.

Mai gabatarwa marubuci ne

Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne, duk kalmar da aka ji daga bakin mai gabatar da shiri, sai da aka rubuta ta tukuna. Labari na zuwa masa da Jamusanci ko Ingilishi ko Faransanci, ga agogo na tafiya, shi kuma tilas ya nemo Hausar da manomi a Madarumfa da ɗan kasuwa a Kumasi za su gane a ji ɗaya. Da irin wannan gumi na ma'aikatan gidajen rediyo daban-daban ne kalmomi kamar Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Turai da ɗumamar yanayi suka zauna daram a bakin jama'a. Masana sun zauna a Bamako a 1966, suka sake zama a Yamai a 1980, domin daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa, amma a kunne rediyo ce ta haɗa Hausar Nijar da ta Nijeriya, ta ƙetare iyakar da Turawa suka shata tsakanin Maraɗi da Katsina ba tare da takardar shiga ba.

Masu sauraro suna tuna muryoyi irin na Umaru Aliyu da Ahmad Tijani Lawal, waɗanda suka daɗe a sashen, da Yahouza Sadissou, ɗan Nijar da ya yi aiki a Bon kafin ya komo gida ya riƙe muƙamin ministan sadarwa a zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou. Su ma masu sauraron marubuta ne. Shirin Amsoshin Takardunku ya rayu ne da wasiƙunsu, kuma sau da yawa malamin makaranta ne ko ɗalibi ke rubuta wa dattijo tambayarsa, a kai gidan waya na Maraɗi, a zauna jiran makonni kafin a ji an ambaci sunan gari a iska.

Abin da ya rage gare mu

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komowa. Wannan shi ne raunin aikin rediyo. Dorugu ya tsira daga mantuwa ne domin an sami wanda ya zauna ya rubuta, ko da yake da sunan wani. Su kuwa ma'aikatan rediyo, da wuya ka shiga kantin littattafai a Maraɗi ko Damagaram ka tarar da tarin sharhinsu ko tarihin rayuwarsu, dattawan da suka saurare su tun farko kuma suna ta raguwa.

Nan ne aikin malamai da ƙungiyoyin raya al'adu ya shigo. Akwai gidajen da har yanzu ake ajiye da tsofaffin kaset, da katunan gaisuwa da kalandun da aka aiko daga Kolon. Ya kamata a bi su a tattara, a ɗauki muryar tsofaffin masu sauraro na Safo da kewaye, a sa ɗalibai su jera kalmomin da rediyo ta kawo tare da ma'anarsu, a kuma nemi tsofaffin ma'aikatan da ke raye su ba da tarihinsu da bakinsu. Wannan karon kuwa, idan an buga, sunan mai maganar ne zai hau bangon littafi.